Bashin karatu da albashi: a yi lissafi kafin a sa hannu



A Amurka, matasa da yawa kan ci bashin gwamnati su yi gajeren karatu na taimakon likita ko na ɗakin magani. Kamfanin Corinthian, mai irin waɗannan makarantu, ya rushe a 2015, ya bar ɗalibai da bashi a wuya. A 2022 sai da gwamnati ta yafe dalar Amurka miliyar 5.8 ga mutum 560,000.

A 2023 ma'aikatar ilimi ta ƙasar ta kafa ma'auni: abin da ɗalibi ke biya a shekara kada ya wuce kashi 8 cikin 100 na abin da yake samu, kuma samunsa ya fi na wanda ya tsaya a sakandare.

Mu ɗauko ma'aunin nan gida, tunda makarantun kiwon lafiya masu zaman kansu sun yawaita daga Yamai har Damagaram. A 2024 an kai mafi ƙarancin albashi a Nijar jaka 42. Kashi 8 nasa bai cika jaka 4 ba. Idan uba ya ranto jaka 500, ɗansa kuma ya fara da wannan albashi, biyan zai ci fiye da shekara 12.

Saboda haka ku tambayi kowace makaranta: gwamnati ta amince da takardarku? Ɗalibanku na bara nawa suka sami aiki, nawa ake biyansu? Wadda ta kasa amsawa, ku riƙe kuɗinku.