Ɗan Katolika da Jibin Ubangiji a Majami'ar Furotesta



Tambayar da aka ɗora mini ita ce ko ya halatta ɗan Katolika ya karɓi Jibin Ubangiji a majami'ar Furotesta. A Jos ko Kaduna, inda za ka tarar da miji ɗan Katolika, matarsa 'yar ECWA ko COCIN, wannan magana ce ta cikin gida.

Amsar Ikilisiyar Katolika ita ce a'a. Doka ta 844 a kundin dokokinta na 1983 ta ce 'ya'yanta su karɓa daga hannun firistocinta kaɗai. Akwai rangwame guda: idan buƙata ta kama, kuma babu halin samun Fada, mutum yana iya karɓa a ikilisiyar da Roma ta yarda da ingancin hidimarta, kamar ta Otodoks. Rangwamen bai shafi Furotesta ba.

Dalilai biyu ne suka jawo haka. Na farko, abin da ke kan teburin. Majalisar Trent ta tabbatar a 1551 cewa gurasa da ruwan inabi suna juyewa su zama ainihin jiki da jinin Almasihu. Furotesta kuwa tun asali bakinsu bai zo ɗaya ba. A taron Marburg na 1529, manyan jagororinsu biyu sun yi muhawara: Luther ya dage cewa Almasihu yana nan a cikin jibin da gaske, Zwingli ya ce alama ce ta tunawa, suka watse ba su daidaita ba.

Na biyu ya fi nauyi, wato wanda ke tsaye a bagade. A wurin Roma, dole ya zama firist da bishof ya naɗa, shi ma bishof ɗin naɗinsa na danganewa da manzanni. Kan wannan ne Paparoma Leo na 13 ya ƙi amincewa da naɗin limaman Anglika a 1896. Majalisar Batikan ta Biyu, wadda ta kira Furotesta 'yan'uwa a 1964, ita ma ba ta sassauta a nan ba, Paparoma John Paul na 2 kuma ya jaddada hanin a 2003.

An sha gwada ƙarfin dokar. A 1997 shugabar ƙasar Ayilan, Mary McAleese, 'yar Katolika, ta karɓi jibi a babban cocin Anglika na Dublin, ƙura ta tashi, babban bishof ɗin Katolika na birnin ya soki abin a fili. A Jamus, inda auratayya tsakanin ɗariƙun biyu ta yawaita, wasu malaman tauhidi na ɓangarorin biyu sun ba da shawara a 2019 a bar kowa ya karɓa a wurin ɗan'uwansa. Batikan ta ƙi a 2020.

Furotesta ma suna da hujja mai ƙarfi. Da yawansu sukan ce teburin na Ubangiji ne, shi ke gayyata, to wa ya isa ya hana wanda aka yi wa baftisma?

A ganina tushen saɓanin a nan yake. Furotesta da dama sun ɗauki cin jibi tare hanya ce ta kai wa ga haɗin kai. Katolika sun ɗauke shi shaidar haɗin kan da ya riga ya tabbata, don haka cinsa kafin lokaci furta abin da babu ne. Kowanne a cikinsu girmama jibin yake yi, kuma wanda ya gane haka ba zai ga raini a ƙin da ɗan'uwansa ya yi ba.

Saboda haka ɗan Katolika yana iya halartar sujadar surukansa, ya yi waƙa, ya yi addu'a, ya saurari wa'azi, idan an zo jibi ya zauna cikin ladabi. Masu masauki kuma kada su matsa masa. Sauran aikin na shugabanni ne, kuma sun taɓa nuna za su iya: a 1999, a birnin Augsburg, Katolika da mabiya Luther sun sa hannu kan yarjejeniya game da barata ta wurin bangaskiya, batun da ya raba su tun ƙarni na 16. Batun naɗi ne ke jiran irin wannan zama.