Sharhi: Sayen Tsohuwar Babbar Mota da Farfaɗo da Ita

A Amurka akwai masu sayen tsohuwar tirelar kwana, wato ɗakin da ake ɗaurawa a bayan mota, irin na Airstream mai jikin alminiyom, su gyara ta don yawon shaƙatawa. A Jega da Aliero da Maiyama kuwa, neman abinci ne ke sa a sayi tsohuwar babbar mota, musamman Mercedes 911 da direbobi ke kira roka, domin albasar Aliero da hatsin kasuwar Jega sai sun bi hanyar Maiyama zuwa Yawuri da Kwantagora kafin su isa kudu.

Wajen sayen irin wannan mota, abin da ya fi cancantar dubawa shi ne shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da inji da bodi, domin ana iya sauke inji a sake masa zobba, kafinta kuma ya ɗora sabon bodin katako, amma shasin da tsatsa ta ci, ko wanda aka yi wa walda aka lulluɓe da fenti, yakan buɗe ne lokacin da aka loda buhuna aka hau hanya mai ramuka. Wajibi ne bakanike ya shiga ƙarƙashin motar da tocila, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da guduma, a kuma tabbatar lambar shasi ta dace da ta takardu.

Abin takaici, idan aka zo gyara wasu kan kashe kuɗi a zanen bodi su bar birki. Jama'a, a fara da birki da taya, domin rayukan bayin Allah ne a kan hanyar.