Tsawon Rai da Albarkar Rai: Darasi Daga Mutanen Farko

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, muridi yakan ji labarin shekarun mutanen farko, ya dubi nasa kwanakin, sai gwiwarsa ta yi sanyi. Littafin Farawa, na cikin Attaurar da ke hannun Ma'abuta Littafi, ya lissafa wa Annabi Adamu shekara 930, ɗansa Shisu 912, Metusela kuma 969. Bayan ɗufana sai adadin ya yi ta raguwa: Annabi Ibrahim 175, Annabi Musa 120. Wasu malamansu sun fassara wannan raguwa da nisantar ɗan Adam daga tsarkin farkon halitta. Hukuncin irin wannan labari sananne ne: abin da wahayi bai tabbatar ba, bai kuma kore ba, ba a gaskata shi, ba a ƙaryata shi.

Wanda Alƙur'ani ya tabbatar shi ne na Annabi Nuhu. Aya ta 14 a Suratul Ankabut ta nuna ya zauna cikin mutanensa shekara 950, amma kaɗan ne suka yi imani. Wannan tsawo jinkiri ne daga Allah domin yanke hanzari. Ga Nuhu ya zama ɗaukaka, ga mutanensa ya zama hujja a kansu.

A cikin lissafin nan kansa akwai abin lura. Mafi ƙarancin shekaru a jerin waɗanda suka gabaci ɗufana shi ne Akhnukhu, mai shekara 365, wanda masu tafsiri da yawa suka ce shi ne Annabi Idrisu. Shi ne Allah Ya ɗaukaka zuwa wuri maɗaukaki, kamar yadda ya zo a Suratu Maryam. Ɗansa Metusela ya fi kowa daɗewa, amma ba a ambata masa komai ba sai haihuwa da mutuwa.

Ita kuwa wannan al'umma, hadisin Tirmizi ya nuna galibin shekarunta tsakanin 60 ne da 70. Sai aka ba ta Lailatul Ƙadri, dare guda da ya fi wata 1,000, wato shekara 83 da wata 4. Imamu Nawawi ya rasu yana da shekara 45, ga shi har yau ana karanta littattafansa a zaurukan ilimi.

Saboda haka muridin ƙwarai ba ya ƙirga shekaru, numfashinsa yake tsarewa. Wuridin asuba da ya kuɓuce ba ya dawowa, ko da an ba mutum ran Metusela. Matashi kada ya jira furfura kafin ya tuba, dattijo kuma kada ya ce lokaci ya ƙure masa.

Allah Ya sa albarka a kwanakin bayinSa, Ya jiƙan magabata, Ya kyautata ƙarshe. Amin.