Ɓarnar Da Giya Ke Yi Wa Ƙwaƙwalwa: Jawabi A Taron Ƙungiya

 

Hukuncin giya malamai sun riga sun yi mana bayaninsa. Ni nawa shi ne ɓarnar da take yi a cikin kan mutum in ya daɗe yana sha. Kada mu ce abin bai shafe mu ba. A nan Kurmi ogogoro da paraga a bakin tasha ake sayar da su, yaranmu direbobi da 'yan dako kullum ta gabansu suke wucewa.

Da likitoci suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar waɗanda suka shekara da shekaru suna sha, sai suka ga ta ƙanƙance. Wurare uku abin ya fi taɓawa. Na farko wajen goshi, inda ake auna magana da tsara aiki da kame kai. In nan ya taɓu, sai ka ga mutum mai kunya ya koma faɗa da ɓarnar kuɗi. Na biyu wurin ajiye abin da aka ji ko aka gani, shi ya sa za a aike shi kasuwa ya manta saƙon. Na uku wajen ƙeya, mai kula da tafiya, don haka yakan yi tangaɗi ko da bai sha ba.

Akwai kuma wanda ya fi wannan muni. Ƙwaƙwalwa tana buƙatar bitamin B1, wanda ke cikin wake da gyaɗa da nama. Mashayi ba ya cin abinci sosai, giyar kuma tana hana hanji tsotse ɗan abin da ya ci. Sai ruɗewa ta zo, idanu su riƙa rawa, ƙafa ta ƙi tsayuwa. Wani likita Bajamushe, Wernicke, ya bayyana wannan a 1881. In aka yi gaggawar yi masa allurar bitamin ɗin, yana iya farfaɗowa. In aka yi sakaci, sai ciwon mantuwa ya kama shi, wanda Korsakoff na Rasha ya yi bayaninsa a 1887. Mai wannan ciwo yana tuna garinsu da ƙuruciyarsa, amma abin da ya faru da safe ya ɓace masa, sai ya cike gurbin da labarin da bai faru ba. Mu ce maƙaryaci ne, alhali ciwo ne.

To, jama'a, ina mafita? In mutum ya daina sha, wani sashe na ƙwaƙwalwar yana murmurewa cikin watanni, ko da yake ba duka ba. Amma ku ji wannan da kyau: wanda giya ta kama jikinsa, kada a kulle shi a ɗaki a ce ya daina dare ɗaya. Cikin kwana 2 ko 3 yana iya fara karkarwa da gane-gane da farfaɗiya, har a rasa rai. A kai shi wurin likita. Akwai asibitin Aro a Abeokuta, akwai na Yaba a Ikko.

Roƙona ga iyaye da masu gidaje shi ne a daina ɓoye irin wannan yaro don gudun abin kunya, ko a tura shi gida Arewa a ce an huta. Ciwon yana bin sa duk inda ya je. A haɗa addu'a da nasiha da magani, tun abin bai yi nisa ba.

Allah ya shirya mana zuri'a. Wassalamu alaikum.