Wanda Bai Yarda Ya Karye Ba, Ba a Yi Masa Ɗori

 

Ya ku 'yan'uwa na Jega, Aliero da Maiyama, kowa ya san daga nesa ake kawo masu karaya wurin maɗoran Aliero. Amma duk ƙwarewar maɗori, ba ya iya taimakon wanda ya kafe cewa targaɗe ne kawai. To, haka sha'anin shaye-shaye yake: farkon abin da yake hana magani shi ne musu.

Binciken ƙasa na shekarar 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. A shekarar ce gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Doka dai tana rufe shago, amma ba ta buɗe bakin mai musu.

Mu lura da maganganun mai wannan ciwo. Mai lodin albasa ya ce tiramol maganin gajiya ne. Ɗalibi ya ce don karatu ne. Wani ya ce duk ranar da ya so zai bari. To, mu tambaye shi abu uku. Shin ƙwaya ɗaya ta farko tana isarsa har yau? In bai samu ba, yana gumi, ciwon gaɓoɓi da rashin barci? Yana ɓoye wa iyalinsa? In ya amsa, jiki ya kamu.

Mu iyaye ma muna da namu musun. Tiramol mai yawa yana sa mutum ya faɗi yana jijjiga, sai mu ce iska ce ko sammu, don gudun abin kunya. Alhali ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Malamai sun sanya nadama cikin sharuɗɗan tuba, kuma babu mai nadamar laifin da bai amsa ba. Don haka mu keɓe da shi, ba a bainar jama'a ba, mu faɗa masa abin da muka gani da idonmu, ba da zagi ba. In ya amsa, mu raka shi asibiti, domin yanke ƙwaya lokaci guda ba tare da likita ba yana jigata jiki, ya mayar da mutum ruwa. In ya koma, kada mu yanke ƙauna. Mu sake raka shi.

Allah Ya shiryi zuri'armu. Wassalamu alaikum.