Ba Kowane Ɗaukewar Jini ne Kwantaccen Ciki ba

Shugaban reshe, iyayenmu shugabannin makarantu, 'yan'uwana malamai maza da mata, ina neman afuwa, domin zan taɓo abin da kunya ta saba hana mu faɗa.

Wata abokiyar aikina, tana da shekara 34, jinin al'adarta ya ɗauke. Tsofaffi suka ce ciki ne ya kwanta. Shekara biyu tana shan jiƙe-jiƙe don a tayar da shi, albashi na tafiya, dangin miji na gutsiri-tsoma. Zafi kan taso mata tana tsakar darasi, gumi ya jiƙa ta ko cikin hunturu. Da aka auna jininta, ashe babu ciki. Ma'ajiyar ƙwanta ce ta yi rauni tun lokaci bai yi ba.

A bisa al'ada, haila kan ɗauke wajen shekara 50. Amma likitoci sun kiyasta cewa aƙalla mace 1 cikin 100 kan gamu da wannan kafin ta cika 40. Idan jini ya ɗauke ko ya rikice har wata 4, akan fara da awon ciki. Sannan a auna wani sinadari mai suna FSH, wanda ke fitowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa ya umarci ma'ajiyar ƙwai ta yi aiki. In ta yi shiru, sai ya riƙa ƙaruwa, kamar malamin da ke ɗaga murya ga ajin da ya ƙi amsawa. Idan ya haura 25, alama ce. Akan maimaita bayan mako 4 in da shakka. Akan kuma duba sinadarin ruwan nono da na halittar wuya mai kawo maƙoƙo, domin su ma suna tsayar da haila, kuma suna jin magani. Mai allurar tazarar haihuwa ta gaya wa likita.

Kada a ɗauka maganar haihuwa ce kaɗai. In aka bar shi, ƙashi kan yi rauni, zuciya ma tana shiga haɗari, alhali akwai maganin da ke maye gurbin sinadarin da ya ragu. Kaɗan daga cikin matan ma sukan samu rabo daga baya.

Daga nan Faru, a fara da Babban Asibitin Talata Mafara. In ta kama, a nemi takardar zuwa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau. Kun san halin hanyarmu, tafiyar sai da rana. Saboda haka ina roƙon shugabannin makarantu, idan malama ta nemi izinin kwana biyu don zuwa asibiti, a ba ta ba tare da an titsiye ta da tambaya a gaban jama'a ba.