Wane Ne Mai Kuɗi? Jawabin Bikin Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya



Mun zaɓi mu yi magana yau a kan wata tambaya da ake yawan jefo mana a kasuwa da bakin iyaka: wane ne mai kuɗi? Duk wanda ya ga ɗayanmu ya loda tirela biyu na wake ko albasa, sai ya ce ai Alhaji ya gama da talauci. Mu kuwa mun san jari daban, ciniki daban, riba daban. Tirelar nan sau da yawa rabinta bashi ne, ga kuɗin mota, ga lodi da sauke, ga abin da shingaye ke ci a hanya, ga asarar canji tsakanin naira da sefa. Abin da ya rage bayan wannan duka shi ne samun ɗan kasuwa. Da wannan ma'auni muke so a auna kowa, har da masu mulkinmu.

Mu fara daga ƙasa. A Najeriya mafi ƙarancin albashi tun watan Yulin 2024 shi ne naira 70,000 a wata, wato 840,000 a shekara. A Nijar kuwa sefa 42,000 ne, jaka 42 ke nan. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta ce mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama. Waɗannan su ne masu sayen kayanmu, mudu-mudu da kwano-kwano.

Mu hau sama. Sabuwar dokar harajin Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta ja layi a fili. Naira 800,000 ta farko a samun mutum na shekara babu haraji a kanta. Daga nan harajin na hawa mataki-mataki, har ya kai kashi 25 cikin 100 a kan abin da ya haura naira miliyan 50 a shekara. Ke nan a idon doka, wanda samunsa ya wuce miliyan 50 shi ne ke rukunin ƙoli.

To, ina ɗan majalisar dattawa ya faɗa? A watan Agustan 2024 hukumar da ke tsara albashin masu riƙe da muƙaman siyasa ta ce sanata na karɓar kimanin naira miliyan 1 da dubu 63 a wata, albashi da alawus. A shekara bai kai miliyan 13 ba, kusan rubu'in wancan layi na miliyan 50. A takarda, sanata bai shiga rukunin ƙoli ba. Amma a cikin watan nan dai, Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu ya shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa abin da ke shigo masa a wata, idan an haɗa da kuɗin gudanar da ofis, ya kai naira miliyan 21. Tun a 2018 Sanata Shehu Sani ya riga shi, ya ce ana ba kowane sanata miliyan 13.5 a wata na gudanarwa. Miliyan 21 daidai take da albashin ma'aikata 300 masu karɓar mafi ƙarancin albashi.

Adalci ya sa mu faɗi cewa kuɗin gudanarwa na ofis ne: tafiye-tafiye, aikin mazaɓa da makamantansu. Kamar tirelar ɗan kasuwa ne, ba duka ne nasa ba. Sai dai idan ɗan kasuwa ya ce kayan ba nasa ba ne, kwastan da duwan takarda suke tambayarsa. Mu ma abin da muke tambaya ke nan: ina rasiɗin?

Dokokin ƙasashenmu biyu sun san da wannan matsala. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya wajabta wa mai riƙe da muƙami ya bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara 4, da lokacin sauka. Amma takardun a ofis suke zama, talaka ba ya ganinsu. Tsarin mulkin Nijar na 2010 ya fi tsauri: shugaban ƙasa ya miƙa bayanin dukiyarsa cikin awa 48 da rantsuwa, a sabunta kowace shekara, a kuma buga a jaridar gwamnati. An dakatar da wannan tsarin mulki bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023.

Akwai waɗanda suka buɗe littafinsu don kansu. A 2007 marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bayyana wa duniya dukiyarsa, kimanin naira miliyan 856. A 2015 an sanar da cewa marigayi Muhammadu Buhari na da ƙasa da naira miliyan 30 a banki, da shanu 270, da tumaki 25, da gidaje. Ko mutum ya yarda da alƙaluman ko bai yarda ba, an ba shi abin da zai riƙe ya kwatanta ranar sauka. Inda babu wannan, mun ga abin da ke biyo baya: dala miliyan 321 da Suwizalan ta mayar wa Najeriya daga kuɗin da aka danganta da Janar Sani Abacha ta dawo ne kusan shekara 20 bayan rasuwarsa.

Me ya shafe mu? Waɗanda ke yanke hukunci kan hanyar abincinmu su ne waɗannan mutane. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa a 2023 har zuwa Maris na 2024. Albasa ta ruɓe a mota, dabbobi sun rame, jarin wasunmu ya karye bai sake tashi ba. 

Saboda haka muna ba ƙungiya shawara biyu. Ta farko a kanmu take: kowa ya riƙe littafi, ya raba jari da riba, ya adana rasiɗi. Wanda ke lissafin dukiyarsa duk shekara don fitar da zakka ya riga ya iya rabin aikin. Ba tare da littafi ba, mai karɓar haraji zai ɗauki cinikinka a matsayin samunka, ya saka ka a rukunin da ba naka ba.

Ta biyu: duk ɗan takarar da ya shigo kasuwarmu neman ƙuri'a, mu karɓe shi da mutunci, sannan mu tambaye shi a gaban jama'a ko zai buga bayanin kadarorinsa ranar hawa da ranar sauka. Ba ma ƙin ɗan siyasa don yana da dukiya. Mu kanmu nemanta muke yi dare da rana. Wanda ya tara tasa ta hanyar halal tambayar ba za ta dame shi ba. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Allah ya yi wa kasuwancinmu albarka, ya kiyaye mana hanya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.